Mai Gadin Ƙofa

A Mola, inda gidajenmu ke tsaye bisa turaku,
ƙafafunsu cikin teku kamar na zalɓe,
kakana La Saharu ya koya mini kwanciya rub da ciki
a gefen kwalekwale, idan ruwa ya janye,
sanye da tabaraun katakon da ya sassaƙa tun yana gani.

"Faɗa mini, Wa Nduri, me ke ƙasa?"

Yashi ne fari fat.
Ga wani rami, bakinsa bai fi kwabo ba.
A ƙofarsa ɗan kifi, tsawon ɗan yatsana,
jiki ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa masa tsatsa,
idanu a tsakar ka, ya kafe, ko motsi.

"Dakata," in ji shi. "Maigidan na tafe."

Sai ga jatan lande, ya turo yashi da hannu biyu,
ya zubar, ya juya, ya koma, ya sake fitowa,
gashin bakinsa guda, dogo, siriri,
bai taɓa barin wutsiyar kifin ba.

"Wancan mai haƙar, ganinsa dishi-dishi ne.
Shi ke gini, shi ke shara,
shi ke toshe ƙofa idan rana ta faɗi.
Kifin ko tsakuwa ɗaya ba ya ɗauka.
Ido kawai ya kawo, da shi yake biyan haya."

Na miƙa hannu, inuwata ta faɗa musu.
Wutsiya ta kaɗa sau ɗaya,
wuf! ba kifi, ba jatan lande,
sai ƙurar yashi tana sauka a hankali.
Kaka ya yi dariya har kwalekwale ya karkata.

Yana ta rufe masa ido shekarar da aka haife ni.
Duk da haka shi ke ɗinke koma,
shi ke liƙe ɓarakar jirgi da ƙaro,
shi ya jera duwatsun murjanin da ɗakina ke kai.
Ni kuwa nawa kafaɗa ce.
Tafinsa mai kaushi a kanta, mu bi gadar katako,
in mun zo ruɓaɓɓen allon nan na gaban masallaci
sai in ɗan noƙe, shi kuma ya tsallake.
Ba mu taɓa shirya wannan da baki ba.

Ran da takarda ta zo daga Kendari,
makarantar jinya, shekara uku,
na ɓoye ta kwana tara cikin buhun garin rogo.
A na goma na ce, "Kaka, idan kifin ya tafi fa?"

Ya daɗe yana murza zaren koma.
"Sai a rufe ƙofa, a ci abin da ke ciki.
Wata rana ruwa ya kawo wani ƙarami.
Teku ba ta rasa 'ya'ya."
Ya ce in kira masa ƙanena La Ganiru,
mai shekara takwas, mai gudu ba waiwaye,
ya ɗora masa hannu, ya ce, "Wannan sai an sha wuya."

Yanzu ga ni a birni.
Idan zan tsallaka titi, babura na shawagi,
kafaɗata kan noƙe ita kaɗai,
ba kowa a bayana.
Da can na ɗauka ni ke ba da aro.
Sai da dare ya same ni a ɗakin haya,
ƙofar da ba wanda ya gina domina,
na gane wanda ke kwana a ramin wani.

Ranar Juma'a La Ganiru kan kanga masa waya a kunne.
Ba ya tambayar karatu, ba ya tambayar kuɗi.
Ina jin ruwa na bugun turaku a bayansa,
sai ya gyara murya:
"To, Wa Nduri, me ke ƙasa?"
In leƙa ta taga daga hawa na uku,
in fara lissafa masa.